Rarar Amfanin Gona da Ciyar da Mabuƙata a Ƙasar Hausa: Tarihin Wata Al'ada Ta Bakin Kalmominta

1.0 Gabatarwa

Tun kafin kalmar tallafi ta ɗauki ma'anar da aka san ta da ita a yau, manomin ƙasar Hausa da ya samu fiye da abin da gidansa zai ci yana da sanannun ƙofofi da rarar take bi ta isa ga maƙwabcin da rumbunsa ya ƙare. Kowace ƙofa tana da sunanta, da lokacinta, da wanda yake da haƙƙi a cikinta. Akwai kala, akwai gayya, akwai ciyayya da rance, akwai dubu, sa'annan akwai zakka. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin waɗannan hanyoyi daga ƙarni na 19 zuwa yau, ta yin amfani da kalmomin da Hausawa suka laƙaba masu a matsayin shaidar tarihi, tare da abin da rubuce-rubucen shugabannin jihadi da binciken masana suka tabbatar.

Abin da maƙalar take son nunawa guda ɗaya ne. Ƙarfin wannan tsari ya dogara a kan sharuɗɗa biyu: hatsin ya kwana a rumbu kusa da mai jin yunwa, kuma ya fito a lokacin da yunwar ta fi tsanani. Da haraji ya koma na tsabar kuɗi, hatsi kuma ya zama hajar da ake gaggawar sayarwa da kaka, kalmomin sun ci gaba da rayuwa a bakin mutane, amma rumbun da ke bayansu ya rame. Batun ya shafi masu nazarin harshe, domin ma'anar kalma ba ta cika sai an san tsarin zaman da ya haife ta. Haka kuma ya shafi duk mai tunanin yadda za a ciyar da mabuƙata a karkara.

2.0 Gandu, Rumbu da Zagayowar Shekara

Ba a fahimtar rara sai an fahimci gidan da yake noma ta. Tushen noma a ƙasar Hausa shi ne gandu, wato babbar gonar da maigida yake nomawa tare da 'ya'yansa ko ƙannensa, ko da sun yi aure. Baya ga gandu, kowane magidanci a cikin gidan yakan samu gayauna, ƙaramar gona da yake nomawa da yamma ko a ranakun da aka ware masa. Amfanin gandu yana shiga rumbun gandu, wanda buɗe shi yake hannun maigida, kuma daga cikinsa ake ciyar da gida, a biya haraji, a yi wa samari aure.

Shekarar manomi ba daidai take ba wajen ƙoshi. Da kaka abinci yana da yawa kuma yana da araha. Yunwa tana fara leƙowa da bazara, ta yi tsanani a tsakiyar damina, daga noman farko zuwa lokacin da gero ya nuna aka fara gasa tumu. Wannan kuwa shi ne lokacin da jiki ya fi buƙatar abinci, domin shi ne lokacin aiki mafi wuya. Karin maganar da ke cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya ta dace da wannan hali sosai, saboda manomin da ba shi da tuwo a watan marka ba zai iya nome gonarsa ba, kuma gonar da ba a nome ba ita ce yunwar baɗi.

Saboda haka ne gidaje da yawa suke rufe babban rumbu bayan girbi, ba a taɓa shi sai ruwa ya sauka. A tsakanin nan ana cin amfanin gayauna da abin da sana'a ta kawo, samari kuma su tafi cin rani. Wannan kalma ta cin rani tana bayyana manufar tafiyar: a ci ranin a wani wuri domin hatsin gida ya kai damina. Gero da dawa kuwa, idan aka adana su da zangarniya a rumbu ko rufewa mai kyau, sukan yi shekaru ba su lalace ba. Wannan ne ya ba da damar rumbun tsimi, wanda ake ajiyewa saboda shekarar da ba ta yi kyau ba. A taƙaice, rara a wurin Bahaushe ita ce damin da ya saura bayan an lissafa cin gida har zuwa sabon gero, an kuma fitar da iri.

3.0 Hanyoyin Fitar da Rara Kafin Mulkin Mallaka

Idan aka dubi kalmomin da suka shafi wannan batu za a ga sun kasu gida biyu. Akwai na asalin harshen, kamar kala, gayya, ciyayya, dami da rumbu, akwai kuma waɗanda aka aro daga Larabci, kamar zakka, sadaka, nisabi, mudu da baitulmali. Wannan yana nuna cewa Musulunci ya tarar da al'adar rabawa a ƙasa, ya zo ya sa mata ma'auni da hukunci.

3.1 Kala

Kala ita ce tsintar abin da ya saura a gona bayan mai ita ya kwashe amfaninsa: zangarniyar da ta faɗi, waken da aka tsallake, gyaɗar da ta tsinke ta zauna a ƙasa. Masu yin ta galibi tsofaffin mata ne da zawarawa da yara da almajirai. Abin lura a nan shi ne mai kala ba roƙo yake yi ba. Da zarar an gama kwashe gona, al'ada ta buɗe masa ita, kuma manomin da ya kori masu kala ya jawo wa kansa sunan marowaci. Don haka kala tana kare mutuncin mabuƙaci, domin guminsa ya ci. Daga nan ne kalmar ta faɗaɗa har aka samu kalen magana da kalen dangi, inda ma'anar tsintar abin da ba naka ba ne ta tsaya, amma yardar da al'ada ta yi wa mai kalar gona ta ɓace.

3.2 Gayya, Ciyayya da Rance

Gayya aikin taron dangi ne da maƙwabta a gonar mutum ɗaya, wanda shi kuma zai ciyar da su da tuwo da fura. An fi kallon ta a matsayin hanyar samun hannaye, amma tana da wata fuska. Ana yin ta ne da damina, lokacin da rumbunan talakawa suka yi ƙasa, kuma wanda yake da rara ne kaɗai zai iya kiran ta. Ta haka hatsin mai hali yake komawa cikin cikin masu ƙaramin ƙarfi a daidai lokacin buƙata. Akwai kuma gayyar da ake yi wa maras lafiya ko tsoho ko surukai, wadda ba a jiran komai daga gare ta.

Ciyayya kuwa musayar dafaffen abinci ce tsakanin gidaje, kuma a hannun mata take. Akushin da ya fita daga gida mai wadata yakan fi wanda ya dawo nauyi, ba kuma mai ƙirgawa. Rance shi ne ba da dami ko mudu da damina a mayar da kwatankwacinsa da kaka, ba tare da ƙari ba. A ƙarƙashin waɗannan duka akwai zumunta da barantaka, inda bara yake yi wa ubangidansa hidima, shi kuma ubangida ya ɗauki nauyinsa ranar da abinci ya yanke.

3.3 Dubu da Sarautar Noma

Mafi armashin hanyoyin gargajiya ita ce dubu. Manomin da ya noma dami dubu a shekara ɗaya yakan shirya biki, ya tara jama'a, ya raba hatsi da kyaututtuka masu yawa, sa'annan a naɗa shi sarkin noma. Guy Nicolas ya yi bayanin wannan biki filla-filla a bincikensa na ƙasar Maraɗi, kuma an san sarautar a tsakanin Maguzawan Kano da Katsina. Hikimar da ke ciki ita ce girman manomi ba ya tabbata da tara dami kawai, sai ya nuna cewa zai iya rabar da shi. Bayan naɗi kuma, gidan sarkin noma yakan zama wurin da ake dosa neman iri ko rance idan shekara ta ɓaci. Al'umma ta biya shi da suna da kirari da kiɗan noma, shi kuma ya biya ta da hatsi.

3.4 Zakka

Zakkar amfanin gona ta bambanta da sauran domin wajibi ce mai ƙayyadadden ma'auni. A mazhabar Malikiyya, wadda ake karantawa a makarantun ilmi ta littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, nisabin hatsi wasƙi biyar ne. Kowane wasƙi sa'i 60 ne, kowane sa'i kuma mudun Nabi huɗu, wato jimla sa'i 300, kimanin kilo 650. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da kashi ɗaya cikin goma, wanda aka shayar da wahala kuwa kashi ɗaya cikin ashirin. Manomin Hausa ya sauƙaƙa lissafin da harshen gona: a kowane dami goma, ɗaya na zakka ne. Waɗanda suka cancanci karɓa su takwas ne kamar yadda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, kuma matalauta da miskinai ne a farkon jerin. Ga kuma zakkar fid-da-kai, sa'i ɗaya a kan kowane mutum, wadda ake fitarwa da abincin da aka fi ci a gari.

Tanadin hatsi a hannun sarauta ya girmi jihadi. Tarihin Kano ya ambaci yunwar shekara goma sha ɗaya a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, ya kuma nuna cewa Muhammadu Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe a Kano, ya tara gero da dawa tun hawansa saboda tsoron yaƙi da yunwa, amma duk da haka yunwar ta cim masa. Abin da jihadin 1804 ya kawo shi ne ɗora wannan aiki a kan shari'a. A Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan Hausa a kan haraje-harajen da ba su da tushe a shari'a, irin su jangali da kuɗin gari da kuɗin salla. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kwaɗaitar da talakawa a kan neman abinci da adana shi cikin ayyukan da suka hau kan shugaba. A aikace, masu gari ne suke tara damman zakka, wani kaso ya tafi birni ta hannun jakadu, wani kuma ya zauna a rumbunan ƙauye. Wannan da ya zauna shi ne ya zama madogara a shekarar fari.

3.5 Iyakokin Tsarin

Bai kamata a ɗauki wancan zamani a matsayin na adalci tsantsa ba. Kaso mai yawa na rarar da sarakuna da attajirai suke rabawa ya fito ne daga gumin bayi a rinji da gandayen sarauta, irin na Fanisau da Ɗorayi a ƙasar Kano. Haka kuma, haraje-harajen da Shehu ya soka ba su gushe gaba ɗaya ba. Lokacin da Heinrich Barth ya ziyarci Kano a 1851, ya tarar ana karɓar kuɗin ƙasa wuri 2,500 a kan kowane magidanci, kuma zakka kanta ta riƙa zama abincin masu mulki a wurare da dama. Bugu da ƙari, tsarin yana iya ɗaukar ɓacin shekara ɗaya ko na yanki ɗaya, amma idan fari ya game ƙasa shekara biyu ko uku a jere, mai bayarwa da mai karɓa sukan haɗu a daji wajen neman tafasa da anza da 'ya'yan ƙarangiya. Duk da haka, a shekarun da ba su kai wannan muni ba, kuma su ne suka fi yawa, hatsin yana kusa kuma ana sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

4.0 Haraji, Gyaɗa da Ramewar Rumbu

Turawan Ingila sun ci Kano a Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris na wannan shekara. Cikin 'yan shekaru suka sauya abubuwa uku da suka taɓa rumbu kai tsaye.

Na farko shi ne haraji. Dokar kuɗin shiga ta Gwamna Lugga ta 1906 ta tattara haraje-haraje masu yawa ta mayar da su guda ɗaya, kuma zakkar da masarautu suke karɓa ta narke a cikinsa. Sannu a hankali aka daina karɓar hatsi da wuri, aka nace sai kuɗin Turawa. A ƙasar Kano aka shigo da tsarin taki, inda malaman taki suke auna gona a yanka mata haraji gwargwadon faɗinta. Bambancin da ke tsakanin wannan da zakka babba ne. Zakka tana bin abin da gona ta bayar, idan shekara ta ɓaci takan ragu, idan amfanin bai kai nisabi ba takan faɗi. Harajin kuɗi kuwa ba ruwansa da samun shekara. Ana kuma karɓar sa ne da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, don haka dole manomi ya sayar da dami da yawa kafin ya haɗa kuɗin. Baitulmalin da aka kafa wa hukumomin gargajiya ya ɗauki sunan Larabci na da, amma abin da ke cikinsa tsabar kuɗi ne na biyan albashi da ayyuka, wanda ba ya maye gurbin damin da ke kwana a ƙauye.

Na biyu shi ne gyaɗa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga fatauci a 1912, kuma nan da nan cinikin gyaɗa ya bunƙasa fiye da yadda Turawa suka zata, domin su auduga suka sa rai. Gyaɗa ta ba manomi hanyar biyan haraji da sayen tufafi, ta kuma gina attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Amma gyaɗa ba ta zama a rumbun tsimi. Ana sayar da ita, kuɗin kuma ba ya kai damina.

Na uku shi ne mutuwar bauta a hankali, daga dokar 1901 da ta 'yanta duk wanda aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na shekarar, zuwa haramcin ƙarshe a 1936. Wannan alheri ne babba, sai dai ya rage manyan gandaye ba tare da an samar da wata ma'ajiya a madadinsu ba.

Jarrabawar farko ta zo da wuri. Daminar 1913 ta gaza ƙwarai a faɗin ƙasar Hausa da Barno da yankunan da Faransa take mulki. Yunwar ta kai maƙura a daminar 1914, shekarar da aka haɗe Arewa da Kudu. Mutane suka kwararo daga arewa zuwa Kano da Katsina, dubbai suka mutu a hanyoyi da kasuwanni. Michael Watts, a littafinsa na 1983 kan tarihin yunwa a Arewacin Nijeriya, ya nuna cewa an ci gaba da karɓar haraji a wannan hali, agajin gwamnati kuma ya zo kaɗan kuma a makare. Hujjarsa ita ce fari tsohon abu ne a wannan ƙasa, abin da ya sauya shi ne ƙarfin gidaje na jure masa.

5.0 Shaidar Sunayen Yunwa da Kalmomin Bashi

Hausawa suna laƙaba wa kowace babbar yunwa suna, kuma sunayen sukan bambanta daga yanki zuwa yanki. Ta 1913 zuwa 1914 an fi sanin ta da Kakalaba, wasu wurare kuma Malali. Daga 1927 ne sunayen suka fara nuna wani sabon abu. Yunwar wannan shekara ita ce 'Yar Buhu, ko Mai Buhu, saboda hatsin da aka ci a buhu ya zo. Ta 1942 ita ce 'Yar Gusau, domin can mutane suka riƙa dosa neman hatsi, garin da jirgin ƙasa yake zuwa. Wannan kuwa lokaci ne na Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da hukuma take tara hatsi domin soja da ma'aikatan tilas na haƙar kuza a Jos. Maƙwabta Zabarmawa sun kira ta 1954 shekarar gari, saboda garin rogon da aka kawo daga kudu. A ƙasar Maraɗi kuma an danganta yunwar 1984 da sunan Buhari, domin a shekarar ne gwamnatin soja ta Nijeriya ta rufe iyakokinta, hatsi ya daina hawa arewa.

Idan aka jera waɗannan sunaye za a ga buhu, da tashar jirgi, da garin rogo, da iyakar ƙasa. Duk suna nuni ga abincin da yake zuwa daga nesa, ko wanda aka hana shi zuwa. Dami da rumbu ba su fito a cikinsu ba. Harshe ya adana abin da ya faru: ceto ya tashi daga maƙwabci ya koma kasuwa da hukuma.

Kalmomin bashi ma sun ba da irin wannan shaida. A gefen rance, wanda ba shi da ƙari, falle ya yaɗu, wato karɓar kuɗi ko hatsi da damina a biya da amfanin gona da kaka a kan farashin da ya karye. A gefen gayya, ƙwadago ya yi ƙarfi. Kalmar awo kuma ta zama ma'aunin talauci, domin idan aka ce gida ya koma awo ana nufin rumbunsa ya ƙare, sai sayen mudu ko tiya kullum. Binciken Polly Hill a Batagarawa kusa da Katsina, wanda aka buga a 1972, ya nuna yadda abin yake tafiya. Ta kasa manoman garin gida huɗu gwargwadon iya jure wa yunwa, ta kuma gano cewa matalautan cikinsu suna sayar da hatsi da kaka da araha, su saye shi da damina da tsada, sa'annan su bar gonakinsu su tafi ƙwadago a gonakin masu hali domin samun abin awo. Rarar tana nan a garin, tana kuma isa ga mabuƙaci, amma yanzu da farashi take isa.

A ɓangaren Nijar, Faransawa sun ga wannan giɓi bayan yunwar fara ta 1931, suka tilasta wa ƙauyuka ajiye hatsi a rumbunan hukuma. Talakawa sun ƙi jinin tsarin domin sun ɗauke shi wani harajin ne, kuma mabuɗin ba ya hannunsu. Wannan ya nuna cewa kusanci kaɗai bai isa ba, sai jama'a sun amince da mai riƙe da rumbun.

6.0 Daga Farin 1972 Zuwa Yau

Farin 1972 zuwa 1974 ya sake gwada abin da ya rage na tsohon tsari. Binciken Michael Mortimore a ƙauyukan arewacin Kano ya nuna cewa agajin gwamnati bai kai ko kusa da buƙata ba, kuma abin da ya riƙe mutane shi ne sayar da dabbobi, da cin rani, da sana'o'in hannu, da taimakon dangi. A 1975 cutar gyaɗa ta durƙusar da nomanta, dalar gyaɗa ta Kano ta zama tarihi. Gwamnatoci suka fito da shirye-shiryen ciyar da ƙasa a 1976 da 1980, aka gina madatsun ruwa irin su Tiga da Bakalori, aka kuma gina manyan rumbunan ƙarfe na gwamnatin tarayya. Dukkan waɗannan sun fi mayar da hankali a kan yawan abin da za a noma ko a tara, ba su cika duba ta wace ƙofa zai shiga gidan da ya koma awo a watan marka ba.

Bayan da jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, zakka ta dawo hannun hukuma a jihohi da dama. Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, wasu masarautu kuma, irin su Dutse, suka kafa kwamitocin da suke tara hatsin zakka a gundumomi su raba shi ga mabuƙatan yankin. Wannan ya fi kusa da tsarin da, domin hatsi ne ake karɓa kuma ba ya yin nisa. Rauninsa shi ne akasarin rabon ana yin sa ne bayan kaka ko cikin azumi, wanda ba lallai ya dace da lokacin tsananin yunwa ba. A Nijar kuma tsohuwar kalmar rumbun tsimi ta samu sabuwar rayuwa, inda ake kiran bankunan hatsi na ƙauye da ita: a saya da kaka, a sayar wa 'yan gari da rahusa da damina.

Barazana mafi girma a shekarun baya-bayan nan ita ce rashin tsaro. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, 'yan bindiga sun riƙa ɗora wa ƙauyuka kuɗi kafin a yi shuka ko girbi, suna ƙone rumbuna, suna raba mutane da gonakinsu. Inda aka bar gona ba a girbe ba, babu kala, babu zakka, babu rance. A ɗaya gefen kuma, fasa rumbunan kayan tallafi da jama'a suka yi a garuruwa irin su Jos da Kaduna a Oktoba 2020 ya nuna abin da ke faruwa idan abinci ya taru a sito mai nisa, a hannun wanda ba a amince da shi ba. A Yuli 2023, bayan cire tallafin man fetur, gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan samar da abinci.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa rabon rarar gona a ƙasar Hausa tsari ne mai matakai. Kala haƙƙi ce ta al'ada, gayya da ciyayya da rance hulɗa ce ta zumunta, dubu musayar hatsi ce da girma, zakka kuma wajibi ce ta addini. Abin da ya haɗa su shi ne dami da rumbu da damina. Tarihin shekara ɗari da ashirin da suka wuce ya nuna yadda harajin kuɗi da amfanin sayarwa da fatarar tsaro suka raba hatsi da ƙauyen da ya noma shi, kalmomi irin su falle da awo da 'Yar Buhu kuma suka rubuta wannan sauyi a cikin harshe.

Akwai aiki a nan ga masu nazarin harsunan Nijeriya. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana da yawa daga cikin kalmomin gona da rumbu, amma sunayen yunwa na yankuna da ƙa'idojin kala da rance suna bakin tsofaffi ne, kuma suna tafiya tare da su. Tattara su, da kwatanta su da takwarorinsu a Fulatanci da Barbarci da Nufanci da Tibi da Yarabanci da Ibo, zai nuna yadda kowace al'umma ta tsara haƙƙin mai jin yunwa a cikin gonar maƙwabcinsa. Ga hukumomin zakka da manyan manoma kuwa, darasin a fili yake: kason da aka karɓa da kaka, idan aka riƙe wani ɓangare nasa a rumbun gunduma ƙarƙashin idon mutanen gari har zuwa watannin Yuli da Agusta, zai tarar da mabuƙaci yana duƙe a gonarsa, kafin ya bar ta ya tafi ƙwadago.